Rubutun da Osita Bai Karanta wa Surukinsa Ba

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a layin bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ya san Osita Onyekwere. In bai san sunansa ba, to ya san faɗansa. Gajere ne, kakkaura, da tabon sara da ya taso daga bayan kunnensa na hagu ya gangara cikin wuyan riga. Ka zage shi ya yi dariya, ka taka masa ƙafa shi zai ba ka haƙuri. Amma ka kuskura rubutu ya fito a fuskar waya ka danna "ci gaba" ba ka karanta ba, ranar za ka ga ashe ruwan sanyi ma yana tafasa.

Kakansa ne ya zo daga Inugu a jirgi, yana zuba gawayi a injin, ya sauka Kafanchan bai sake komawa ba. Ubansa ya buɗe shagon kayan keke da na babur a kasuwa. Shi Osita a nan aka yanke masa cibiya, Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa. In ya je gabas Kirsimeti, 'yan'uwansa dariya suke masa, wai ga Bahaushensu ya iso.

Tabon nan ya same shi ne yana ɗan shekara goma sha tara, a shekarar da aka ƙone kasuwa. Da rana tsaka ne. Shi da ubansa suna cikin shago suka ji ihu, kafin su leƙo hayaƙi ya riga ya rufe layin masu yadi. Suka fita da gudu. Sun kusa tsira sai uban ya tsaya, wai bai kulle shago ba. Kulle shago fa, ana wuta! Ya juya, Osita ya bi shi yana ja masa riga. A bakin ƙofar suka yi kiciɓis da mutum huɗu masu adda. Sara ɗaya ya sami Osita ya faɗi cikin kwata, sauran duk a jikin tsohon suka ƙare. Da ya farfaɗo ya ɗora ubansa a baro ya tura har asibiti, jininsa da na uban suna haɗuwa a ƙasan baron. Sai da ya isa aka gaya masa gawa ya turo.

Mutane da yawa sun fita daga wannan rana da ƙiyayya. Shi da magana ɗaya ya fita, kuma ya yi ta maimaita ta har abokansa suka gaji: "Da wani ya gaya mana minti goma kafin nan."

Ya tafi Kaduna ya koyi gyaran waya da kwamfuta, ya dawo ya buɗe nasa shago. A nan Hulda ta kawo wayarta da ta faɗa cikin tukunyar kunu. Wayar ba ta tashi ba, amma magana ta tashi. Hulda 'yar wani ƙauye ce a bayan Godogodo, ubanta Baba Sambo manomin citta ne kuma dattijon coci. Sau uku Osita yana tura manya, sau uku tsohon yana cewa ba zai ba ɗan reluwe 'yarsa ba, wata rana zai hau jirgi da ita a neme su a rasa. A na huɗu ya yarda. Tun daga ranar Osita bai taɓa kallon tsakar idon tsohon ba. Hularsa a hannu yake shiga gidan, a tsugune yake gaisuwa, in an kawo abinci Baba na zaune sai ya ce ya ƙoshi ko da yunwa za ta kashe shi. Ƙauyen kaf sun shaida, ko ɗan gari bai kai shi kunyar suruki ba.

Sai 'yan bindiga suka fara faɗa wa ƙauyuka. Yau nan, gobe can. Su zo a kan babura, su harbi na harbi, su sari na sara, su cinna wa rumbuna wuta, kafin labari ya kai ƙauye na gaba sun ɓace cikin daji. Osita ya je jana'iza har ya daina ƙirgawa. A wata jana'izar ya ga an binne mace da jaririnta a zani ɗaya, domin harsashi ɗaya ne ya ratsa su. Ya dawo gida ya kwana biyu bai buɗe shago ba.

Wani abokinsa, Patrick, malamin lissafi a Zonkwa, shi ya haɗa manhajar. Suka sa mata suna Jiniya. Aikinta ɗaya ne: duk wanda ya hango mahara ya danna jan maɓalli, nan take duk wayar da ke ƙauyen ta ɗau kuka. Kuka kuwa ba na wasa ba. Ko an kashe wa wayar murya sai ta yi, ko an taɓa maɓalli bisa kuskure a aljihu ba za ta yi shiru ba, domin a gwajin farko manoma sun yi ta kashe ta da cinya ba su sani ba. Hanyar rufe mata baki ɗaya ce tak: ka danne maɓallin rage murya, na ƙasa, ka riƙe har ka ƙirga biyar.

Osita ne mai ɗora wa mutane ita a waya, kuma shi ya fara ganin haɗarin.

"Patrick," ya ce, "abin da zai tashe ka ka gudu, shi zai tona ka in ka ɓuya."

Don haka ya zauna ya rubuta bayani, layi tara da Hausa mai sauƙi, suka sa shi ya riƙa fitowa a fuskar waya tun ana ɗora manhajar, kafin ta gama zama. Layin farko da manyan baƙaƙe ya yi shi: IDAN KA JI JINIYA, KA KASHE TA KAFIN KA ƁUYA. Sai yadda ake kashewar a ƙasa.

To, wa ya gaya masa mutane na karatu? Rubutu ya fito, yatsa ya sauka kan "ci gaba", shi ke nan. Ya sa Patrick ya hana maɓallin aiki sai an ja rubutun har ƙarshe. Mutane suka koyi ja da sauri kamar masu koran ƙuda. Sai ya kafa doka: ba wanda zai karɓi wayarsa sai ya karanta da ƙarfi a gabansa. Wanda bai iya ba, Osita ya karanta masa. Bayan haka ya kunna jiniyar gwaji, mutum ya kashe ta da hannunsa, sau biyu.

Ana haka wani ɗan acaba ya zo yana sauri, ya fizge wayarsa ya danna. Osita ya tsallake teburi ya shaƙe masa wuya. Suka zube kan babur, madubi ya fashe, ɗan acaban ya fasa masa leɓe, shi kuma ya danne shi da gwiwa a ƙirji yana tofar da jini yana cewa sai ya karanta. Wallahi sai da ya karanta, a kwance, mutane sun yi da'ira suna dariya. Daga ranar aka sa masa suna Hedimasta.

Ƙauye shida ya zaga a haka. Na bakwai shi ne na su Hulda. Ran Lahadi ce, bayan sujada, Fasto Abednego ya yi sanarwa, aka fito da benci ƙarƙashin mangwaro. Hulda ba ta zo ba, tana Kafanchan da shago. Osita ya fara tun sha ɗaya. Mata, maza, 'yan zumuntar matan coci da ɗankwalinsu iri ɗaya, kowa sai ya karanta ko a karanta masa, kowa sai ya kashe jiniya sau biyu. Surukarsa Mama Lucia ta zo ta zauna, ta ce, "Ni ban je makaranta ba, ɗana, karanta mun." Ya karanta mata, ta danna, ta ƙirga biyar da yarensu, mata suka yi mata guɗa.

Wajen ƙarfe uku sai ga Baba Sambo, dattawan coci huɗu na biye da shi. Layi ya dare. Ya ciro wayar da Hulda ta saya masa, wadda yake ɗaurewa da igiya a maɗaurin wando don kada ta faɗi a gona, ya kwance, ya miƙa.

Osita ya tsuguna ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗora manhajar. Rubutu ya fito.

A nan fa ake yin ta. Baba Sambo bai iya karatu ba. Kowa a ƙauyen ya sani, kuma a shekara saba'in ba wanda ya taɓa furtawa. Kullum Lahadi da littafin waƙoƙinsa yake zuwa, ya buɗe, ya rera da ka, ba wanda ya taɓa leƙa shafin da ya buɗe. Mace tsohuwa ta ce ba ta je makaranta ba, wannan abin dariya ne. Amma dattijon coci, a gaban 'yan'uwansa dattawa, surukinsa ya zaunar da shi a benci ya karanta masa, ya ce danna nan, ƙirga biyar, a'a ba haka ba, sake? Surukin ma wanda sau uku aka hana shi mata?

"Ɗana," Baba ya ce, "sa mun abun nan, dattawa na jira na."

Osita ya ji duk idanun wurin a ƙeyarsa. Mutumin da ya danne ɗan acaba a tsakiyar titi, yau bakinsa ya ƙi buɗuwa.

"To, Baba," ya ce.

Ya ja rubutun da yatsansa, ya danna "ci gaba". Ya miƙa wayar da hannu biyu. Tsohon ya ɗaure ta a wando, ya sa masa albarka, ya wuce.

Tun a mota zuciyarsa take cin sa. Ya ce a ransa Hulda za ta gyara, 'ya ce, a ɗaki za ta nuna wa ubanta ba wanda ya gani. Amma kunya ta hana shi gaya mata har ran Laraba.

"Kai ɗin?" Hulda ta ce. "Hedimasta?"

"Ki kira shi yanzu."

"In na kira shi zai ce ya gane, ka san Baba. Ko bai ji ba zai ce ya gane. Ran Asabar ai muna zuwa haƙar citta, zan ja shi gefe in sa hannunsa a kai."

Kwana uku ne. Osita ya ƙirga su kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Ran Asabar suka isa ƙauyen da hantsi, suka tarar kowa ya tafi gona, gayya aka yi. Gonar Baba tana gangaren rafi, da kurmin gora a gefe guda. Mata wajen goma sha biyar suna tsince citta, maza na haƙa. Aka yi gaisuwa, aka tambayi hanya, aka tambayi mutanen Kafanchan ɗaya bayan ɗaya. Osita ya yi wa Hulda ido.

"Ka bari a zauna cin abinci," ta raɗa masa. "Yanzu yana tsakiyar mutane."

Aka ba shi buhu ya kai ƙetaren rafi, inda ake tarawa a bakin hanyar mota. Ya kai na farko, ya kai na biyu. Yana sauke na uku jiniya ta tashi.

Waya ashirin a gona ɗaya, duk lokaci guda. Tsuntsaye suka watse daga gora. Kafin kowa ya ɗaga kai sai ga ƙarar bindiga daga wajen ƙauye, tau tau tau, da rurin babura. Osita ya danne tasa ya ƙirga biyar, ya faɗa cikin ciyawa a bakin rafi. Daga nan yana ganin gonar gaba ɗaya. Ya ga mata sun zubar da kwanduna sun nufi kurmi, kowace hannunta a kan waya. Ya ji jiniyoyin suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya koya musu. Ko a cikin wannan tashin hankali sai da ya ji wani daɗi ya ratsa shi.

Saura guda ɗaya.

Babura uku suka ɓullo ta saman gonar, mutum bibbiyu. Wani manomi, Wilfred, da ya tsaya ɗaukar fartanyarsa, suka harbe shi a baya ya kife kan kunya. Wani ya ɗaga hannu yana roƙo, na bayan babur ya sauka ya sare hannun, ya ƙara masa a wuya. Suka tsaya suna dube-dube, domin gona ta zama wayam, ba su ga inda mutane suka shige ba.

Baba Sambo ne na ƙarshe, gwiwarsa ba ta gudu. Ya bi ta cikin dogon gamba a duƙe har ya kusa bakin kurmin, jiniya na kuka a ƙugunsa. Ya ciro wayar yana danna ko'ina, yana jijjiga ta, yana toshe ta da tafin hannu. Ya ja igiyar, ƙullin da ya saba yi don kada ta faɗi ya ƙi kwancewa. Osita ya hango Hulda ta rarrafo daga cikin gora ta miƙo hannu, taku goma ne tsakaninsu, uwarta ta riƙe mata ƙafa ta baya. Maharan suka juyo wajen kukan.

Tsohon ya dubi kurmin, ya dubi wayar. Ya gane cewa duk inda ya sa ƙafa, kukan nan zai shiga tare da shi. Sai ya miƙe tsaye sosai, ya juya wa kurmin baya, ya kama gudu ta tsakiyar gona, fili fetal, yana ɗingishi.

Osita bai san lokacin da ya tashi ba.

"Baba! Na ƙasa! Riƙe na ƙasa, ka ƙirga biyar! Baba!"

Shekara tara yana surukin mutumin nan, ranar ya fara ɗaga masa murya. Tsohon bai ji ba, jiniya ta cika masa kunne. Wanda ya ji shi ne mai bindiga. Harsashi ya bugi Osita a kafaɗa ya juya shi, ya faɗa ruwa, ruwan ya tura shi ƙarƙashin saiwoyin wata bishiya. Ya maƙale a nan, hancinsa kaɗai a waje, yana kallo ta tsakanin saiwa.

Suka harbi Baba a cinya. Ya faɗi, ya tashi, ya ƙara taku shida, kowane taku yana nisanta su da kurmin. Suka cim masa su uku. Osita ya ga addar tana hawa tana sauka, ya ga farar rigar gonar ta rine. Tsohon bai yi ihu ba, ko kuwa ya yi jiniyar ta danne. Ta ci gaba da kuka a kan gawarsa har sai da ɗayansu ya gaji ya murƙushe ta da gindin bindiga. Suka leƙa rafi sama-sama, suka hau babura suka koma wajen hayaƙin da ke tashi daga ƙauye. Ba wanda ya waiwayi kurmin gora.

Mutum bakwai aka kashe ranar, a ƙauyen da ya haura mutum ɗari huɗu. Rumbuna sun ƙone, gidaje talatin sun ƙone. Ran Talata aka binne su a rami ɗaya. Osita ya sa hannu ya bar asibiti da kafaɗa a ɗaure, ya je. A bakin kabarin Fasto Abednego ya kira sunansa, ya ce jama'a su dube shi, in ban da Ubangiji da wayar wannan bawan nasa da ramin nan ya ninka goma. Mutane suna kuka suna kama hannunsa. Kowane "mun gode" ji yake kamar an watsa masa barkono a ciwo. Hulda tana tsaye a gefensa, tun ran Asabar ba ta ce masa ci kanka ba, shi ma bai iya kallon ta ba. Kowannensu ya san nasa rabon a cikin abin.

Da jama'a suka ragu ya sami Mama Lucia a bayan abin da ya rage na ɗakin girkinta, tana zaune a kan turmi, tana tsince hatsin da bai ƙone ba. Ya tsuguna.

"Mama, ina da magana."

"Faɗi, ɗana."

"Ban karanta wa Baba ba. Kowa na karanta masa, shi ban karanta masa ba. Ni na danna masa da hannuna. Kunya na ji. Ni na kashe shi, Mama."

Ba ta ɗago ba. Hannunta bai daina tsintar ba.

"Na sani," ta ce. "Ina wurin ai. Na gani."

Ya jira ta zage shi. Da ta ɗauki taɓarya ta rafka masa, da ya fi samun sauƙi.

"Ranan da ya dawo gida, ya yi ta yabon ka," ta ce. "Ya ce ɗan reluwe ya san mutunci, bai kunyata shi gaban dattawa ba. Ya ce ashe ya yi kuskure da ya hana ka sau uku." Ta hure ƙaiƙayi daga tafinta. "Da ka zaunar da shi a bencin nan, na san mijina, ba zai sake shiga gidanka ba. Ko ruwanka ba zai sha ba har shekara."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, idanunta a bushe.

"Amma da yanzu yana nan da ransa, ko da yana fushi da kai."

Ta mayar da kai kan hatsinta. Osita ya zauna a ƙasa cikin toka, ya yi kukan da bai yi ba ko ranar da ya tura ubansa a baro.